GADON MAHARBI

Kaka ta zo ƙarshe. An girbe hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, gyaɗa ta shiga buhu, sauran wake kaɗan ne ya rage a gona. Da asuba sanyi ya fara shiga ɗaki, hazo kuma ya fara rufe duwatsun Riruwai. A wannan lokaci, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, manomi ya kan sami sarari, sai hankalinsa ya koma daji. Wanda ya bi hanya da sassafe daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada ya san abin da mu ke faɗi. Ga magidanci a gaba da bindigar toka a kafaɗa, ko baka da kwari. Ga yaro ɗan shekara 12 ko 13 a bayansa da goran ruwa da burgami. Ga kare yana bin su. Za su neman gada.

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, tambayar da mu ke so mu duba a wannan wata ita ce: daidai ne uba ya ɗauki ɗansa ya kai shi farauta a zamanin nan da naman daji ke ƙarewa? In kuwa daidai ne, mene ne ya wajaba ya koya masa a can? Kada wani ya ce wannan magana ce ta maharba kaɗai. Kowane uba yana da abin da zai bar wa ɗansa, kowane abu kuwa da a ke bari ana iya cinye shi tun mai gado bai girma ba.

MAKARANTAR DAJI

Bari mu fara da alherin da ke cikin abin, gama yana da yawa.

Mun san al'adarmu. A gida uba ba ya zama ya yi taɗi da ɗansa. Ɗan fari kuwa ko sunansa ba ya kira, sai dai ya ce, "Kai, yaro." Uba yana cin tuwo a zaure da sa'o'insa, yaro yana ci da nasa. A gona ma aiki ne, kowa ya sunkuya bisa kunyar da ya kama har rana ta yi tsaka. Yaro ya kan girma yana jin tsoron ubansa, yana girmama shi, amma bai san shi ba sosai. A daji ne wannan katanga ta kan rushe ba tare da an zubar da mutunci ba. Su biyu ne kaɗai. Gora ɗaya su ke sha, inuwa ɗaya su ke zama, magana kuwa sai a kunne. Dattawa da yawa a ƙasar Ƙiru da Bebeji za su gaya maka, abin da su ke tunawa na bakin ubansu, rabinsa a daji suka ji shi.

Sa'an nan ga ilimin kansa. Uba ya kan durƙusa ya nuna wa yaro sawu: wannan ƙarami mai tsini na gada ne, wancan da ya bi bakin rafi cikin duhuwa na mazo ne, wanda ya ratsa fadama na kwanta-rafi ne. Ya murza kashin dabba da yatsa, ya ce na jiya ne ko na ɗazu. Ya ɗebi ƙura ya sake ta domin yaro ya ga inda iska ta nufa, gama wanda ya bar iska ta kai warinsa gaba ya yi sallama da nama tun bai gan shi ba. Ya nuna masa gindin kanya inda gada ke zuwa tsintar 'ya'yan da suka faɗo. Tsofaffin maharba har kan burtu su kan ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su kusanci nama. Duk wannan ba a samunsa a littafi.

Ga kuma hali. Yaron da ya zauna awa uku bai motsa ba, ƙuda yana cizonsa, ya koyi haƙuri. Yaron da ya ga dabba tana shure-shure har ta yi shiru ya san nama ba daga faifan mahauci ya ke tsirowa ba, da rai a ke biyansa. Yaron da ya ga an raba abin da aka samo, an aika wa dattijon unguwa, an ba gwauruwa, an cire rabon Sarkin Baka, ya san abin hannu ba na mutum ɗaya ba ne.

Farauta kuwa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Barbushe, wanda ya zauna a Dala tun kafin sarakuna, ƙasaitaccen maharbi ne, garuruwa da yawa kuma in ka bi asalinsu za ka tarar maharbi ne ya fara sare wurin. Saboda haka ba mu ga laifi ga uban da ya ke so ɗansa ya bi sawunsa ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai akwai abin da karin maganar bai faɗa ba: in barewar ta ƙare fa?

DAJIN DĀ DA NA YAU

Kudancin Kano ƙasar daji ce. Hanyar da ta rabu a Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Wannan daji na doka da kaɗanya da maje, wanda Kogin Kano ya ratsa, tun cikin shekarun 1940 aka keɓe shi, aka kira shi gandun dajin Kogin Kano. Cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Girmansa wajen hekta 92,000 ne. A dā gida ne na gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna da gadu, ban da ƙananan namu. A 1963 kuma Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, ta kasa su kashi kashi: waɗansu ba a taɓa su ko kaɗan, waɗansu sai da lasin, cikin gandu kuwa ba a harbi sai da izini.

Daga nan abubuwa suka yi ta sakewa. Tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji. Ta kawo noman rani, ta ciyar da mutane masu yawa, ba mai musun wannan. Amma ruwanta ya shanye fadamu da kurmin bakin kogi inda nama ke sha yana ɓuya. Jama'a ta yi yawa. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200. Saurar da a ke bari ta huta shekara biyar yanzu kowace damina ana nome ta. Masu itace da masu gawayi sun shiga daji da gatari, shanu sun shiga da kofato. Daga baya ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mai da Falgore maɓoya, har a 2017 soja suka mai da wani sashe nasa wurin horo.

Ba sai an kawo mana takarda ba, idonmu ya gani. Kakan yaron nan da mu ke magana ya harbi gwanki. Ubansa gada da mazo ya sani. Shi yaron, sau da yawa zomo da gafiya da makwarwa ne iyakar abin da zai gani. Yara da yawa a garuruwanmu sun san barewa a karin magana da tatsuniya, amma ba su taɓa ganin ta tana gudu ba.

Da nama ya yi wuya a gida, mafarauta suka shiga yin nisa, har kudancin ƙasa. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Jihar Kano suna komowa gida, aka zarge su da abin da ba a tabbatar ba, aka kashe mutum 16 kisan gilla. Da yawansu mutanen ƙasar Bunkure ne, maƙwabtanmu. Alhakin jininsu yana kan waɗanda suka zubar da shi, ba mu rage musu ko ƙwaya ba. Amma ya kamata kowane uba ya yi tunani: sana'ar da na ke miƙa wa ɗana, ina za ta kai shi nan da shekara 20?

LISSAFIN GADA

Don me nama ke ƙarewa? Amsar tana cikin lissafin da yaron firamare zai iya.

Zabuwar daji tana yin ƙwai da yawa cikin damina ɗaya. Gyazbi tana haihuwar 'ya'ya kamar huɗu a ciki ɗaya. Gada kuwa ɗa ɗaya ta kan haifa, bayan ta ɗauki ciki wajen wata shida ko fiye. Gwanki wajen wata tara ta ke ɗauka, kamar mace, ita ma ɗa ɗaya. A cikin waɗannan 'ya'ya kuma dila da mesa da gaggafa suna da rabonsu. Dabbar da ke ƙaruwa ɗaya ɗaya ba ta jure wa kisan goma goma.

Akwai kuma wani abu da kowane maharbi ya sani. Gada da mazo da batsiya ba su yawo da jaririnsu. Uwa ta kan ɓoye shi cikin ciyawa, ta tafi kiwo, ta komo ta ba shi nono. Wanda ya harbe uwa mai shayarwa rai biyu ya kashe, ɗaya ya ɗauka a kafaɗa, ɗaya ya bari yunwa ta ƙarasa. Wanda ya sa wa daji wuta domin ya kori nama ya gasa 'ya'yan da bai gani ba, bai ci ba, bai sayar ba.

Baka da kibiya suna da iyaka. Maharbin dā sai ya yi sanɗa yini guda kafin ya sami harbi ɗaya, in ya kuskure shi ke nan. Wahalar sana'ar ita ke tsare naman. Yanzu kuwa an sami hanyoyi masu sauƙi. Akwai fitilar goshi: a haska dabba da dare, ta tsaya cik ido yana ƙyalli, a harbe ta, ba a san mace ce ko namiji ba sai ta faɗi. Akwai tarkon waya: mutum ɗaya ya kafa hamsin ya tafi gida, wayar ba ta san mai ciki ba, ba ta san ƙarami ba, wani lokaci ma sai naman ya ruɓe kafin a zo. Akwai farautar gayya da mota, mutum ɗari da karnuka su share daji kamar an yi masa aski. Akwai kuma kasuwa. Tukunyar gida tana cika, amma kasuwar birni ba ta taɓa cewa ya isa.

Mutanen dā suna da shinge. A ƙasar Gobir da Maraɗi akwai al'adar buɗin daji: sai manya sun buɗe daji kafin a fita farautar shekara. A wurare da yawa akwai kurmin da ba a shiga, da dabbar da wani gida ba ya ci, da Sarkin Dawa wanda maganarsa ke tsai da mutum. Gaskiya ne yawancin wannan da tsafi da tsoron iskoki aka ɗaure shi, mu kuwa ba mu kiran kowa ya koma can. Amma mu lura da abin da ya faru. Tsoron ya tafi, shingen ya tafi tare da shi, ba a kuwa kafa wani a gurbinsa ba. Mutumin da ya ce ya rabu da tsoron iskoki ya kamata ya fi kakansa kula da halitta. In ya zama ya fi shi ɓarna, ina amfanin 'yancin nasa?

ABIN DA MUTANE KE CEWA

Mun ji amsoshi huɗu a bakin mutane. Bari mu auna su ɗaya ɗaya, da adalci.

Na fari ya ce, "Naman Allah ne, ba ya ƙarewa." Muna tambayarsa: ina giwayen da aka ce Barbushe ya yi ta kashewa kewaye da Dala? Ina zakin ƙasar Kano? A Afirka ta Kudu an yi wani ɗan'uwan gwanki mai shuɗin gashi. Wajen shekara ta 1800 aka harbe na ƙarshe, yau sai fatarsa a gidan ajiye kayan tarihi. Hatsi ma kyautar Allah ne, amma ba mu taɓa ganin manomi mai hankali ya daka irinsa ya yi fura, ya ce Allah zai tsirar da gona ba.

Na biyu ya ce, "In ban kashe ba, wani zai kashe." Wannan ta fi ta fari ƙarfi, gama sau da yawa gaskiya ce. Ka bar mai ciki da safe, da dare mai fitila ya ɗauke ta. Amma ku duba, wannan ita ce maganar da kowa ke faɗi, shi ya sa ta ke zama gaskiya. Mai fitilar ma da kai ya ke kafa hujja. Ban da haka, uban da ya faɗi wannan a gaban ɗansa ya koya masa karatun da ba zai tsaya a daji ba. Gobe in aka ba yaron ajiyar kuɗin jama'a, zai ce in bai ci ba wani zai ci. Maganin wannan damuwa shi ne maharban gari su haɗa baki su kafa ƙa'ida, su tsare ta tare, da sanin mai gari da malamin daji.

Na uku ya ce, "Yunwa ce. 'Ya'yana sun yi wata ba su ga nama ba." Wannan ba mu da bakin yi masa faɗa. Wanda ya ci ya ƙoshi a birni ya yi hankali kafin ya hukunta talakan ƙauye saboda zomo. Amma akwai bambanci tsakanin mai neman abin miya da mai cika buhu domin kasuwa, kowa kuwa ya san a wane gefe ya ke. Mai yunwa ma yana da zaɓi: ga gyazbi da gafiya da zabi da makwarwa masu saurin ƙaruwa, har waɗansunsu ɓarna su ke yi a gona. Talaka ne ma ya fi kowa hasara in daji ya mutu, gama mai kuɗi zai sayi rago.

Na huɗu daga wancan gefe ya fito. Ya ce, "A bar farauta ɗungum, aikin jahilci ne, a kai yara makaranta." Makaranta lalle wajibi ce, kada a cire yaro daga aji domin daji. Amma ba mu yarda da sauran maganar ba. Wanda bai san daji ba ba ya jin zafin mutuwarsa. Yaron da bai taɓa bin sawu ba, in ya girma ya zama ma'aikaci, da alƙalami ɗaya zai ba da kurmi a sare, ya yi barcinsa lafiya. A ko'ina cikin duniya, waɗanda suka iya bin sawun nama su ne suka fi iya tsaronsa in zuciyarsu ta juya.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Kada mu ce abin ya fi ƙarfin mutum. A Amurka akwai wata irin barewa mai farin wutsiya, namijinta yana da ƙaho mai rassa. Wajen shekara ta 1900 masu harbi domin kasuwa sun kusa ƙare ta, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a ƙasar duka. Sai aka kafa doka a 1900 wadda ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 aka sa harajin bindiga da harsashi ya koma aikin raya namun daji, maharba da kansu suka goyi bayan abin. Aka yanka lokacin farauta, aka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ɗauka, shekaru da yawa kuma aka hana taɓa mata a wurare da dama. Yau barewar nan ta kai wajen miliyan 30. A ƙarshen kakarsu, cikin Nuwamba, sa'ad da 'ya'yan da aka haifa a tsakiyar shekara suka isa yaye, uba ya kan fita da ɗansa ko 'yarsa, da lasin a aljihu. Suna samun abin harbi yau domin kakanninsu sun yarda su komo gida hannu wofi.

Ba sai mun ƙetare teku ba. A Jamhuriyar Nijar, wajen Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka zama 49 a 1996. Hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suka tsare su, suna kiwo a gefen gonaki ba mai harbi. Cikin shekara 20 da 'yan kai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi waɗansu aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Manoman nan ba su fi namu arziki ba. Daji yana da saurin warkewa in an ɗaga masa hannu.

ISHAKU DA ISUWA

Masu karatunmu sun san labarin wani uba da ɗansa maharbi a Littafin Farawa, sura 25. An gaya mana dalilin da ya sa Ishaku ya fi son Isuwa: naman da ya ke kawo masa ne. A cikin surar nan kuma Isuwa ya komo daga daji da yunwa, ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda abinci na rana ɗaya. Ba mu ce laifin duka na uban ne ba. Amma yaro yana karanta fuskar ubansa fiye da yadda ya ke jin maganarsa. In uba ba ya murmushi sai ran da aka shigo da nama, in ranar da aka komo hannu wofi sai tsaki da faɗa, yaro zai gane cewa nama ya fi kome, ko ta wace hanya aka same shi. Irin wannan yaro shi ne zai sayi fitila. Shi ne kuma zai sayar da gado domin ƙoshin yau.

A Kubawar Shari'a, sura 22, akwai wata ƙaramar doka game da wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu a hanya: an yarda ya ɗauki abin da ke cikin sheƙar, amma ya saki uwar. An kuma haɗa dokar da alkawarin tsawon rai. Ba a hana mutum ci ba, an hana shi toshe mafarin abincin. Manomi zai gane wannan nan da nan.

ABIN DA UBA ZAI KOYAR

To, ga amsarmu. Daidai ne uba ya kai ɗansa daji, in zai koya masa sana'ar duka. Rabin sana'ar shi ne sanin yadda a ke harbi. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne sanin lokacin da a ke sauke baka.

Ku ɗauka sun yi sanɗa tun asuba, rana ta take, ga gada ta fito gindin kanya. Yaro yana rawar jiki, ya raɗa, "Baba, ga ta!" Uban ya duba, ya ga ba ƙaho, ya ga hantsa. Ya dafa kafaɗar yaron, ya girgiza kai. Suka zuba mata ido har ta shige ciyawa. A hanya yaro zai yi fushi, watakila har da hawaye, gama ya riga ya shirya labarin da zai ba abokansa. Uban ya ce masa, "Tana da ɗa a ɓoye. Wannan taka ce ta baɗi." Yaron nan ya ga abin da ba kowane yaro ke gani ba: ya ga mutum mai iko da abu, mai bukatarsa, ba mai ganinsa, ya kuwa bari. Zai tuna da shi ran da ya riƙe abin da ya fi baka.

Saboda haka muna roƙon iyaye maharba su riƙe waɗannan.

Kada ka harbi abin da ba ka gani sosai ba. Motsin ciyawa ba nama ba ne. Mace mai itace ce watakila, ko yaron Fulani. Bindigar toka kuma ba abin wasan yaro ba ce, kada ka ba shi ita sai hankalinsa ya kai.

Ka bar mai ciki, da mai shayarwa, da ƙarami. Ka koya wa yaro bambanta su: a mazo da kwanta-rafi da batsiya namiji ne kaɗai mai ƙaho. Gwanki da kanki da barewa kuwa, in Allah ya sa kun gan su, ku kalla ku wuce, gama sun yi kaɗan ƙwarai.

Kada ka yi farauta da wuta, ko da fitila, ko da tarkon waya.

Kada ka ƙetare iyakar gandu. In ka shiga Falgore a ɓoye da yaro, ka koya masa cewa doka ta wanda aka kama ce, ka kuma kai shi inda ransa ke cikin hatsari.

In ka ji wa dabba rauni, ka bi ta har ka same ta, ko da dare zai yi. In ka sami na tukunya, ka juya gida.

In kun komo hannu wofi, ka shiga gida da sakin fuska, ka yaba wa yaron a gaban uwarsa saboda sawun da ya gane. Ku kuma iyaye mata, kada ku tarye su da gori. Gorin cikin gida ya kashe namun daji da yawa.

Iyayen da ba su taɓa riƙe baka ba, maganar ta shafe ku. Mai gona yana da ɗorawa da kaɗanya da kakansa ya bari, mai su yana da ƙananan kifi, mai kasuwa yana da sunan gidansu. Kowa yana da abin da zai iya cinyewa yau, ɗansa ya tashi ya tarar da labari.

Maharbi ya kan bar wa ɗansa baka da kwari da kan burtu, ya ce ya bar masa gado. Amma baka itace ne da tsirkiya, in ba gada a daji sai a rataye shi a bango. Bana, kafin ku fita, maharban kowane gari su zauna da mai gari su yanka abin da za a taɓa da abin da za a bari, yara kuma suna zaune suna ji. Allah ya ba mu hikima, ya kai mu baɗi lafiya, mu da 'ya'yanmu.